Tashar Ƙaura a Hawa na Shida

Kwana uku da saukata Alƙahira na gane cewa makarantar da na zo dominta babu ita.

Adireshin yana jikin takardar da mutumin da ya shirya mini tafiya ya ba ni a Gusau, takarda mai hatimi har biyu, wai an ɗauke ni karatun injiniyan lantarki a Giza. Malam Shu'aibu ne ya raka ni, wani ɗalibin fiƙihu ɗan garinmu da na sauka wajensa. Muka hau ƙaramar bas, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sake hawa wata bas ɗin. Da muka isa lambar gidan sai muka tarar da shagon sayar da kayan famfo. Mai shagon ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya kira maƙwabcinsa suka karanta tare, sannan ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Ma'alish."

Na dubi Malam Shu'aibu.

"Haƙuri yake ba ka," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ya ce ba kai ne na farko da ya zo da irinta ba."

Ban yi kuka ba. Tsayawa kawai na yi ina kallon kawunan famfo da aka jera a gilashi, kamar wanda ya zo saye. Shekaruna talatin da ɗaya a lokacin. Na sayar da shagona na gyaran rediyo da agogo a Ƙaura Namoda, na bar mata da 'ya guda, kuma duk unguwarmu ta san Lawali ya tafi Masar zai dawo injiniya. Da yamma matata ta kira tana tambayar yaya makaranta. Na ji bakina ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙatuwa ce." Na roƙi Malam Shu'aibu kada ya faɗa wa kowa a gida. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Hayyin Ashir

Mu bakwai ne a ɗaki biyu, hawa na shida, a wani bene da na'urar hawansa ta daɗe da mutuwa. Ƙarshen shekarar 2011 ne, gari bai gama lafawa daga juyin juya halin da aka yi ba, kullum ana ce mana kada a bi ta nan, kada a bi ta can. Duk mutanen ɗakin ɗalibai ne sai ni. Suna fita da sassafe rungume da littattafai, ni kuma in zauna bakin taga ina kallon rufin gidaje.

Abin da ya fara gigita ni sanyi ne. Wa zai ce mini ƙasar Larabawa tana irin wannan sanyin? Riga uku nake sawa in ɗora bargo, haƙorana suna haɗuwa. Na biyu shi ne titi. Ranar farko da na fita ni kaɗai aka bi ni ana kiran "shukulata", wato cakulan, saboda baƙin fatata, ana dariya. Na dawo gida na ba da labari. Malam Shu'aibu ya ce, "Kada ka waiwaya. Idan ka waiwaya ka ba su abin da suke nema." Amma a titin nan dai akwai wata tsohuwa mai sayar da gurasa, wadda ta lura ban iya ko kalma ɗaya ba. Kullum sai ta riƙe gurasar ta ƙi saki har sai na faɗi sunan wani abu da ta nuna. Albasa, gishiri, ƙofa, ruwa. A wajenta na fara koyon Larabcin Masar.

Malam Shu'aibu ya yi mini rajista a wani ɗan ajin koyon Larabci domin takardar zamana ta daidaita. Ni kuma, don kada in haukace, na kwance hitar ɗakinmu na gyara. Maƙwabta suka ji, aka kawo dutsen guga, aka kawo fanka, aka kawo rediyo. Wani ɗan Sudan da na gyara wa tukunyar shayi shi ya ce in je unguwar Hadayek el-Maadi in nemi Kawu Adam, mai shagon gyaran kayan lantarki.

Hadayek el-Maadi

Na shiga shagon na yi sallama da guntun Larabcina. Wani dogon dattijo mai farar jallabiya ya ɗago daga cikin wata talabijin, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya zol, sannu da zuwa. Daga wane gari kake?"

Hausa ce, amma irin ta kakanni, an cuɗa ta da Larabci. Kakansa ne ya baro ƙasar Kano a ƙasa zai je Makka, ya tsaya a Sudan, bai ƙarasa ba bai koma ba. Kawu Adam bai taɓa ganin Nijeriya ba. Ya ba ni wata matacciyar rediyo, ya zauna yana kallon hannuna. Kafin la'asar ta yi magana. Ya ce, "Halas. Gobe ka zo da wuri."

Haka na yi wata bakwai na farko a wannan shago. Na koyi cin wake da gurasa safe da rana, na koyi tsallaka titin Alƙahira ba tare da na karanta kalmar shahada ba. A gida kuwa, a zatonsu, ina shekarar farko a jami'a.

Wata ranar Alhamis Kawu Adam ya rubuta mini adireshi ya ce, "Wani likitan haƙori ne da ya yi ritaya, Dakta Nabil. Taransifomar jirginsa ce ta ƙone. Ni ƙafafuna ba sa son bene."

Na ce, "Kawu, jirgi kuma?"

Ya yi dariya har da tari. "Je ka gani."

Giza

Wani ɗan gajeren tsoho ne ya buɗe mini, hannuwansa suna karkarwa. Yana jin Turanci, ni ma ina da na makarantar koyon sana'a, da shi muka fahimci juna. Ya wuce da ni falo, ya tura wata ƙofa.

Na tsaya a bakin ƙofar na kasa shiga.

Ɗakin ya fi namu na Hayyin Ashir girma, kuma babu gado, babu kujera. Wani faffaɗan tebur ne ya zagaye bango huɗu, a kansa an gina ƙasa guda. Ga kogi mai sheƙi, ga gadar ƙarfe a kansa, ga gonakin rake, ga itatuwan dabino waɗanda ba su fi ɗan yatsana ba. Ga gidajen laka da shanya a rufinsu. Layin dogo kuwa ya ratsa ko'ina, siriri kamar tsinken tsintsiya biyu, da sigina da fitilu. Kan jirgi bai fi tafin hannuna ba, amma har lambarsa an rubuta.

Na ce, "Dakta, na jikoki ne?"

Fuskarsa ta canza. "Jikokina ba sa shiga ɗakin nan. Shekara ashirin da shida ina gina shi."

Na yi ta salati a zuci. Mu bakwai muna kwana ƙafa a kan ƙafa, ga wani ya ba abin wasa ɗaki guda. Na shiga ƙarƙashin tebur na gyara abin da aka aiko ni, ya murɗa wani maɓalli, jirgin ya motsa. Ya bi kwana a hankali, ya hau gada, ƙafafunsa suna wannan ƙarar da na sani tun ina goye. Ban san lokacin da na durƙusa na sa idona daidai da layin ba.

Dakta ya ce, "Haka ake kallonsa. Wa ya koya maka?"

Hannunsa ba ya iya riƙe ƙarfen dalma, don haka ya roƙi Kawu Adam ya riƙa ara masa ni duk Alhamis. A ranar ce kuma abokansa suke zuwa bayan la'asar, tsofaffi uku, kowa da irin wannan ɗakin a gidansa. Na ɗauka yabon juna suke zuwa yi. Ashe yanka juna ne.

Babban mai wuƙar shi ne Ammu Girgis, Kirista ne daga kudancin Masar, ya yi shekara talatin yana shugaban tasha. Dogo ne, da sanda, da gashin baki fari. Ko zama bai yi ba ya nuna wani hawa da sandarsa.

"Nabil, wannan tudu ne ko bango? A tsawon ɗari ka hau biyar. Sau nawa zan ce maka kada ya wuce biyu? Kan jirginka zai ja tarago uku ya tsaya yana haki."

Wani ya ce kwanar bayan gada ta matse, dogayen taragu za su yi ta zamewa. Wani ya ce kusurwar can ta yi nisa, duk wurin da hannu ba ya kaiwa nan jirgi zai zaɓa ya faɗi. Ina ƙarƙashin tebur kunya ta rufe ni. A garinmu, ka shiga gidan dattijo, ka sha shayinsa, ka ce masa aikinsa na shekara ashirin ba daidai ba ne? Na jira Dakta ya kore su. Sai na leƙo na gan shi da ɗan littafi yana rubutawa, har yana cewa, "Sai me kuma?"

Wata biyu ina jin wannan. Sai ranar da Dakta ya yaye wani zane da ya rufe ɓangare guda na teburin. Sabuwar tasha ce, inda layin ya ƙare, ya shafe kusan shekara yana yinta a ɓoye. Kyakkyawa ce ƙwarai, har da agogo a bango. Tsofaffin biyu suka yi ta masha Allah. Ammu Girgis ya zagaya ta sau biyu.

"Akwai kuskure ɗaya a nan wanda da ni na yi shi a bakin aiki da an kore ni. Wa ya gani?"

Ba wanda ya gano. Ni ban ma ga tashar da kyau ba, amma ni na ja mata waya ta ƙasa, na san layi nawa ne da inda suka haɗu. Bakina ya riga hankalina.

"Kan jirgin ba shi da hanyar fita."

Ƙafafu takwas suka juyo wajena. Ammu Girgis ya sunkuyo. "Fito. Maimaita."

Na fito gwiwoyina duk ƙura. Na ce, "Idan jirgi ya shigo tashar ƙarshe, kansa yana can gaba, taragu sun tare shi ta baya. Dole a sami layi na biyu a gefe, mai haɗuwa da na farko ta gaba da ta baya, domin a kwance kan ya zagayo ya kama ɗaya ƙarshen. Nan babu. Ya shiga ke nan."

"A ina ka san wannan?"

"Garinmu nan layin dogo ya ƙare. Mahaifina shi ne mai sauya wa jirgi layi, har ya yi ritaya."

Dakta ya juya. Ya fita. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da aikin Kawu Adam. Sai ga shi ya dawo da wani dogon ƙarfe, ya cusa shi ƙarƙashin layin sabuwar tashar, ya danna. Ƙarar ɓallewar nan har cikin haƙorina. Dakalin tasha ya tsage, agogon ya faɗo.

Na yi ihu, "Dakta! Don Allah! Ba haka nake nufi ba!"

Ya ce, "To me kake nufi? Gaskiya ka faɗa. Hannuna ba ƙarfi, karɓi ka ƙarasa."

Da hannuna na rushe aikin shekara guda na mutumin da yake ba ni abinci, shi kuma yana tsaye yana cewa, "Yalla, ya bashmuhandis," wato babban injiniya. Na koma gida ranar ban iya cin komai ba.

Mako na gaba suka haɗa mini kaya: falanki uku, ragowar layi, tsohon kan jirgi da tarago huɗu. Ammu Girgis ya ce, "Gina mana tashar garinku mu gani."

Na kai su Hayyin Ashir na jingina a baranda. Ɗalibai suka yi ta kallona, wani ya ce shi dai a ganinsa Malam Lawali ya fara taɓuwa. Na yi wata uku ina aiki. Duk guntun layin da aka ba ni sai da na samar masa wuri. Na yi gada, na yi rami a cikin dutse, na yi zagaye biyu. Na ɗauko shi a bayan wata motar kaya zuwa Giza ina jin kaina a sama.

Ammu Girgis ya kalle shi bai fi ƙiftawa uku ba.

"Wannan ba tasha ba ce. Taliya ce."

Sauran suka tuntsire. Ya ci gaba, "Akwai dutse a garinku da jirgi ke ratsawa? Babu. To me ya kawo rami? Ka zana a takarda kafin ka buga ƙusa? Ba ka zana ba. Jirgin nan me yake zuwa ɗauka a garinku? A ina yake tsayawa a yi lodi? A ina kan yake shan ruwa? Mai sauya layi daga ina yake hango sigina?"

A tashar nan na girma, na kai wa Baba abinci can ba sau ɗari ba, amma ban iya amsa ko ɗaya ba.

"Cire rabin layin nan. Sauran rabin ma ka cire rabinsa. Kowane layi ya zama yana da aikin yi. Kuma kada ka ƙirƙiro abin da kake iya tambaya. Mahaifinka yana raye?"

Na ce yana raye.

"To me kake yi a nan kana ɓata mana falanki?"

Mako uku ban koma ba. Na ji zafin dariyar, amma ba ita ta hana ni ba. Abin da ban faɗa musu ba shi ne, rabon da Baba ya yi mini magana tun ranar da na sayar da shago. Shi ya kafa mini shi da hannunsa. Idan na kira gida aka ce ga Lawali, sai ya tashi ya tafi masallaci.

Kawu Adam ne ya gaji da ganin fuskata. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kakana ya mutu yana cewa gobe zai aika gida. Kira."

Ƙanena ya ɗauka, ya kai masa. Na gaishe shi, ya amsa da kalma ɗaya. Kafin ya ajiye na yi sauri na ce, "Baba, tambaya ce. A tasha, tankin ruwa yana gabas da layi ne ko yamma?"

Na ji ya ja tsaki.

"Wane irin shashanci ne wannan? Yamma mana. In yana gabas ta ina kura za ta bi ta kai gyaɗa sito?"

Ya kashe. Na zauna a kan wata tsohuwar talabijin ina kallon wayar kamar ban taɓa ganin irinta ba.

Daga nan duk Juma'a sai na kira da tambaya ɗaya. Ba ya tambayar lafiyata, ba ya tambayar karatu. Amma tambayar tasha, sai ya amsa har da ƙari. Layi uku ne, ba biyar ba. Na sito gajere ne, tarago shida yake ci. Siginar shigowa tana nesa, bayan kwanar tsamiya, domin direba ya sami wurin rage gudu. Wata rana ya yi minti ashirin yana bayanin yadda ake shigar da jirgin auduga idan na fasinja yana tsaye. Ina ta rubutawa a bayan kwali. Na zana a takarda sau tara kafin Ammu Girgis ya ce, "Yanzu ka sayi ƙusa."

A shekarar 2013 gari ya sake rikicewa, aka sa dokar hana fita, muka koma haɗuwa da hantsi. Wasu makonnin ma ba a samun hanyar Giza. Dakta ya rame, ya daina tsayawa, sai a kawo masa kujera tsakiyar ɗakin yana murɗa maɓalli. Mun gama sabuwar tasharsa da layinta na zagaye. Ranar da kan jirgi ya kwance ya zagayo ya kama ɗaya ƙarshen, tafi ya yi kamar an yi masa albishir.

Cikin sanyin shekarar da ta biyo baya ya rasu. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Bayan kwana goma sha wani abu Ammu Girgis ya kira shago ya ce in same shi a gidan, za mu roƙi 'ya'yan su bar mu mu kwance ɗakin a tsanake.

Tun daga ƙasan bene na ji ƙarar zarto.

'Ya'yan sun riga sun sa gidan a kasuwa. Jiragen da taragun an zuba su a kwali, wannan sun san yana da daraja. Teburin kuwa ba ya fita ta ƙofa, don haka suka kira masu sayen tarkace. Ƙarti biyu suna yanka shi kamar itacen girki, suna jefowa ta matakala. Na ga gonar rake ta wuce ta gefen ƙafata. Na ga rabin kogi. Babban ɗan, mutum mai kirki a fuska, ya ce mana, "Ma'alish, ba mu da inda za mu sa shi. In kuna son wani abu ku ɗauka."

Shekara kusan talatin, kafin azahar ta zama lodin amalanke ɗaya.

Ammu Girgis ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki gadar ƙarfen, ta karye gida biyu. Ya zauna a kan matakala, cikin ƙurar katako, da kwat ɗinsa mai tsabta. Sai na ga kafaɗunsa suna girgiza. Mutumin da na ɗauka ko an yanka shi jini ba zai fito ba.

"Gadar nan," in ji shi, "babu irinta a Masar. Da hannu ya yanka kowane ƙarfe. Shekara goma sha biyar ina kallonta, ban taɓa ce masa ta yi kyau ba. Kullum ina cewa sai ya gyara hawan nan tukuna."

Ban san abin da ake ce wa dattijo mai kuka da Larabci ba. Na zauna kusa da shi kawai, har masu zarto suka gama.

Hawa na shida

Wata biyu bayan haka, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, aka ƙwanƙwasa ƙofarmu. Malam Shu'aibu ya buɗe ya ja da baya. Ammu Girgis ne, yana haki kamar zai faɗi, ya hau bene shida da sanda. Ɗalibai suka yi ta rige-rigen kawo kujera da ruwa, ana ta ahlan wa sahlan, kowa yana satar kallon ɗan gicciyen da ke wuyan hannunsa.

"Ina tashar?"

Na haɗa falankan uku a tsakar ɗaki. Layi uku, sito, tankin ruwa, tsamiya da na yi da wayar tagulla, jar ƙasa da na daka daga bulo. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙasar ta yi kyau," ya ce. "Tsamiyar ta yi kyau. Aikin wayarka ya fi na duk wanda na sani. Akwai fili, ido yana hutawa."

Tsoro ya kama ni. Na ce, "Ammu, lafiya kuwa?"

"Rufe bakinka, ban gama ba. Tankin nan ba wurinsa ba ne. Ya kare wa mai sauya layi sigina. Babu injiniyan da zai sa shi a nan."

"Mahaifina ne ya ce nan yake."

"Mahaifinka ya manta. Kira shi."

Na ɗauka wasa yake. Ya buga sanda a ƙasa. Na kira, na sa a lasifika, na ce, "Baba, ga wani tsohon shugaban tasha a nan, ya ce tankin ruwa ba zai yiwu a yamma ba, yana kare sigina."

"Wa ya ce? Shi ya taɓa zuwa Ƙaura?"

Na fassara. Ammu Girgis ya ce a faɗa masa tasha tasha ce ko a ina take. Baba ya ce a faɗa masa tankin a kan dogayen ƙafafu yake, ta ƙarƙashinsa ake hango sigina, shekara ashirin da takwas ta nan yake leƙawa. Ammu Girgis ya tambayi tsawon ƙafafun. Baba ya ce mutum biyu da rabi. Suka koma kan fitilar hannu, suka koma kan yadda ake karɓar jirgi idan waya ta mutu. Ina tsakiya ina juya Hausa zuwa Larabci, Larabci zuwa Hausa, gumi yana keto mini, ɗalibai shida sun yi cirko-cirko. Rabon da in ji Baba yana dariya har na manta sautinta.

Can Ammu Girgis ya ce, "To laifin ɗanka ne, ya yi wa tankin gajerun ƙafafu. Amma faɗa masa ɗansa yana da hannu. Na kai shi wajen wani mai ƙera ƙananan samfurin gine-gine, zai fara aiki da koyo ranar Asabar."

Ni ma a lokacin na fara jin wannan labari. Na fassara rabin farko, na tsaya. Baba ya ce, "Sai me ya ce? Na ji ya yi magana mai tsawo."

Na dubi Malam Shu'aibu, ya kawar da kai. Na cire wayar daga lasifika na fita baranda.

"Baba, babu makaranta. Tun da na zo babu. Damfarata aka yi. Gyaran rediyo nake yi a shagon wani."

"Na sani."

Na zauna a ƙasa.

"Tun watan da ka tafi na sani, Shu'aibu ya faɗa mini. Ko bai faɗa ba, kana zaton akwai makarantar injiniya da ake tambayar ɗalibi inda tsamiya take? Matarka ma ta sani. Jira muke ka gaji ka faɗa da bakinka." Ya yi tari. "Ka ƙara wa tankin ƙafa. In ka gama koyon abin da mutumin nan ya samo maka, ka kawo tashar in gani. Ban yarda da aikin da ban gani da idona ba."

Na yi shekara guda da 'yan watanni a wajen mai ƙera samfurin gine-gine, sana'ar da nake ci da ita har yau. Ammu Girgis ya raka ni filin jirgi, yana ta faɗa da ma'aikata a kan yadda suke ɗaga akwatunan. A ƙarshen 2015 na shiga Ƙaura da falankai uku naɗe cikin bargo.

A zaure na haɗa ta. Unguwa ta cika ƙofar gida. Baba ya fito da tabaraunsa, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Bai dube ni sosai ba. Ya durƙusa, ya bi layi na farko da yatsa, ya bi na biyu, ya leƙa ta ƙarƙashin tanki ya hango sigina, ya gyaɗa kai. Sai idonsa ya sauka a kan wani ɗan mutum da na sassaƙa a daren ƙarshe, mai hula da tuta a hannu, tsaye kusa da ƙarfen sauya layi.

"Wane ne wannan?"

Na ce, "Ku ne, Baba."

Ya ƙara duban ɗan mutumin. Sannan ya sa yatsu biyu ya ɗaga shi a hankali, ya matsar da shi ɗaya gefen ƙarfen.

"Nan nake tsayawa," ya ce. "Can rana tana dukan ido."